Yaro Mai Koyon Tafiya: Zanen Alƙalami Da Tawada

Duk wanda ya tashi a ƙasar nan tamu, tun daga Isa har Sabon Birni, ya san alƙalami da tawada tun bai san hannunsa na dama ba. Da su aka rubuta masa allo, da su malamai ke juyar littattafai, da su alƙalai da magatakarda suka riƙe shari'a da wasiƙun sarakuna shekara da shekaru. Saboda haka idan aka ce alƙalami, ba abin da ke faɗo mana a rai sai baƙi da wasali. Amma alƙalamin nan yana da wani aiki na biyu wanda ba mu cika kula da shi ba, watau kama siffar abin da ido ya gani a ajiye ta bisa takarda. Nufina a nan in ɗauki wani tsohon zane guda ɗaya in warware shi dalla-dalla, don mai karatu ya ga iyakar abin da ɗan kara da ruwan tawada ke iya yi in sun sami hannu.

Zanen nan yana ajiye a Gidan Tarihi na Birtaniya da ke Landan. Wani mai tara kayan tarihi, George Salting, shi ya bar musu shi wasiyya, ya shiga hannunsu a 1910. 'Yar takarda ce ƙarama, faɗinta kamar inci 6, tsawonta bai cika inci 4 ba, tafin hannun babban mutum ya kusa rufe ta. Tawadar ba baƙa wul ba ce, ruwan ƙasa ce, takardar kuma ta yi jaja-jaja don tsufa. Masana sun ƙiyasta an zana ta wajen 1656. In ana son a gane nisan zamanin, a lokacin nan Wali Ɗan Masani yana da rai a Katsina, kuma da sauran kamar shekara ɗari kafin Sarkin Gobir Babari ya zauna Alƙalawa.

Mutum biyar ne cikin takardar. Ga ɗan yaro a tsakiya ana yi masa tatata. Mata biyu sun sa shi tsaka, kowace ta riƙe hannu guda, sun ba mu baya, sun sunkuya kansa. Daga hagu wani ya zauna ƙasa yana kiran yaron ya taho. Can bayansu wata mace tana wucewa da bokiti a hannu. Ba gida, ba itace, ba hanya, ba ko inuwar bango. Iyakar abin da ke ciki ke nan.

Wanda ya yi zanen sunansa Rembrandt, mutumin ƙasar Holan. An haife shi a garin Leiden a 1606, ubansa mai injin niƙa ne, ya mutu a birnin Amstadam a 1669. Tun yana saurayi ya yi suna wajen zanen fenti, attajirai suna biyansa kuɗi masu yawa ya zana su da iyalinsu. A 1639 ya sayi wani babban gida a kan gilda 13,000, bai kuwa iya biyan bashin ba. A 1656 ya kai kansa gaban hukuma ya ce ya kāsa, aka rubuta kayansa kaf, aka yi ta gwanjonsu, har gidan ya fita hannunsa a 1658. Kafin wannan, matarsa Saskia ta haifa masa 'ya'ya huɗu, uku suka mutu babu wanda ya kai wata 3, ita ma ta bi su a 1642. Daga baya ya sami 'ya mace, Cornelia, a watan Oktoba 1654. In ka yi lissafi za ka ga shekarar da a ke zaton an yi zanen nan, akwai mai tatata cikin gidansa. Takardar ba ta ɗauke da sunan kowa, amma ya isa mu san cewa mutumin da ya binne 'ya'ya uku ba su ko yi rarrafe ba, ya san darajar ranar da yaro ya miƙe. Ba kuma wannan kaɗai ya yi ba: a 1680, da aka ƙirga kayan wani mai zane da ya rasu, Jan van de Cappelle, an tarar da wani kundi mai zane 135 na Rembrandt, dukansu na zaman mata da yara.

To, yanzu mu dubi aikin kansa. Abu na fari da za a lura da shi, ya ɓoye mana fuskokin matan nan biyu, amma bai ɓoye mana zuciyarsu ba. Guda ta duƙa ƙwarai, ta kawo kanta kusa da na yaron, kafaɗunta sun taru, kamar mai leƙen fuskarsa ta ga ko tsoro ya kama shi. Gudar kuwa riƙonta na wadda ta saba ne, ba ta ɗar-ɗar. Duk wannan daga baya mu ke karanta shi, daga yadda wuya ya karkata da yadda tufa ta sauka. Kowa ya san haka cikin zamansa na yau da kullum. Kana iya hango mace tana daka daga nesa, ta ba ka baya, ka gane ko fushi ta ke yi ko murna. Abin da ke da wuya shi ne ka san wane layi guda ne ya sanar da kai wannan, ka ajiye shi, ka bar sauran. Hausawa na cewa ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Idon mutumin nan ya san kima, hannunsa kuma ya bi umarnin idon.

Yaron shi ne ƙarami cikin takardar, shi ne kuma ya fi kowa ƙarancin tawada. 'Yan ɗigo ne kawai aka yi masa a fuska. Duk da haka kowa cikin takardar yana tsaye ko zaune ne saboda shi. Matan biyu sun yi masa rumfa, layukan bayansu sun gangaro wajensa. Na zaunen ya ƙasƙantar da kansa har idonsa ya yi daidai da na yaron. Tsakanin yaron da mai kiransa kuwa an bar fili, farar takarda ba ko ɗigo. Wannan filin shi ne tafiyar da yaron zai yi. Ga babba taku biyu ne, ga yaron kuwa daidai ya ke da ƙetare gulbi ranar da ya kawo. Da mai zanen ya cika wurin da ciyawa ko duwatsu don ƙawa, da ya kashe zanen, gama ido ba zai ƙara auna nisan ba.

Sai mai bokiti. Wanda bai natsu ba zai ce me ya kawo ta, tun da ba ruwanta da yaron. Amma a ganina ita ce shaidar gwanintar mutumin. Ta ɗauki bokiti a hannu guda, ɗaya hannun ta miƙar da shi gefe don kada nauyin ya rinjaye ta. Ba a zana mana abin da ke cikin bokitin ba, amma ba mai shakkar cike ya ke. Kowace yarinya da ta taɓa ɗebo ruwa daga rijiya da hannu guda ta san wannan miƙar hannun, ba wanda ya koya mata, jiki ne ke yi da kansa. Har wa yau akwai wata hikima cikin zuwanta. Yaron yana koyon yadda zai daidaita nauyin jikinsa, ita kuwa ta daɗe da ƙwarewa har tana daidaita nata da na kaya tana tafiya. Farkon abu da ƙarshensa sun gamu cikin takarda guda. Ga shi kuma ta nuna mana cewa duniya ba ta tsaya ba don yaro ya miƙe. Ranar da ta ke babba ga gida guda, ga maƙwabta ranar aiki ce kamar kullum.

Bari mu taɓa maganar kayan aiki, don nan ne mu almajirai za mu fi Turawa da yawa fahimtar abin. A shekarun nan Rembrandt ya fi son alƙalamin kara bisa na gashin tsuntsu, kaurin layukan takardar nan kuma ya nuna haka. Wanda ya taɓa feƙe alƙalamin gamba ya san halinsa. In ka tsoma shi, layin farko ya kan fito da kauri, ya jiƙe, kana ya riƙa ramewa har ya bushe ya soma kartar allo. In ka kwantar da bakinsa ya ba ka layi mai faɗi, in ka karkata shi ya ba ka siriri. Malamin da ya iya hannu ba ya faɗa da wannan hali, da shi ya ke ƙawata rubutu. Haka mutumin nan ya yi. Inda ya ke son nauyi, ya sauke alƙalami yana jiƙe. Inda ya ke son abu ya ja baya, ya bari sai tawadar ta kusa ƙarewa. Tawadarsu ma ba ta yi nisa da tamu ba. Masu zane na zamaninsa suna haɗa wata da kunkunniyar hayaƙin itace, wata kuwa da ƙarfe da wani ƙullutu mai ɗaci da ke fitowa jikin itace, a sa ƙaro don ta kama. Mu ma muna da ta gawayi da ƙaro don allo, muna da ta bagaruwa da ƙarfe wadda ba ta wankuwa.

Babban sharaɗin tawada bisa takarda shi ne ba a gogewa. Allo in ka ɓata ka wanke, fensiri in ka kuskure ka share, amma nan abin da ya sauka ya sauka. Saboda haka duk gardamar da hannu ya yi da ido tana nan a fili. A wasu wurare cikin zanen za ka ga layi biyu inda guda zai isa, watau ya ja na farko bai gamsu ba, ya ja na biyu kusa da shi, ya bar su duka. Abin mamaki, wannan ninkin bai ɓata siffar ba, sai ma ya sa ta zama kamar tana motsi, gama mai riƙon yaro ba ya tsayawa wuri guda.

Akwai masu sūka, ya kuwa kamata a saurare su. Na farko ya ce aikin bai ƙare ba, zayyanar allon sauka ta fi shi cika da tsari. Gaskiya ne ta fi shi cika, amma nufinsu dabam. Mai zayyana yana da kwana da kwanaki, yana auna kowane gida, yana sa ja da rawaya, abin da ya ke yi kuwa ba ya gudu. Wannan kuwa abin da ya ke kamawa bai fi numfashi uku ba, in ya tsaya gyaran bakin zane yaron ya riga ya faɗi ko ya isa. Ƙarewar irin wannan aiki ita ce ya faɗi abin da ya zo faɗi ya yi shiru, ya kuwa yi.

Na biyu ya ce ai ko yaro ya iya wannan 'yan karce-karcen. Amsarsa mai sauƙi ce. A ba shi alƙalami da takarda, a ce ya zana mace daga baya yadda za a gane tana jin tsoro, da layi goma. In ya gwada zai dawo da wata magana. David Hockney, wani shahararren mai zane na Ingila da aka haifa a 1937, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa da tsufansa cikin sana'ar, ya sha faɗa cewa a ganinsa babu zanen da ya fi wannan a duniya. Ba lalle mu bi shi har can ba, gama ba a auna irin waɗannan abubuwa da sikeli, amma shaidar maƙeri a kan ƙarfe ba abar yarwa ba ce.

Sūka ta uku ita ce mai ƙarfi. Saurin da ya ba zanen rai shi ne kuma ya bar wasu abubuwa cikin duhu. Masu ajiyar takardar sun rubuta cewa 'yammata biyu ne ke riƙe da yaron, Hockney kuwa uwa da 'yarta ya gani. Na zaunen ma wasu sun ce uba ne, su masu ajiya ba su ce namiji ko mace ba. Ni dai na fi karkata ga uwa da 'ya, saboda bambancin riƙon da na ambata, amma tilas a yarda cewa takardar ba ta yanke hukunci ba. Wanda ke neman labarin irin tufafin mutanen Holan ko fasalin gidajensu ba zai sami kome a nan ba. Wannan rashi ne, sai dai ya zo da riba. Da ya ke ba a ɗaure mutanen da wani gari ba, ɗan Gatawa ko ɗan Tsamaye yana iya duban takardar ya ga tsakar gidansu, ya ji ana cewa tatata.

Don a gane darajar zanen nan sosai, yana da kyau a ajiye shi kusa da wani aikin mutumin na 1651, wanda mutanen Holan ke yi wa laƙabi da 'yan masu iyo. Shi wannan a kan farantin tagulla ya karta shi, aka shafa tawada aka buga bisa takarda, don haka akwai shi a gidajen ajiya da dama. 'Yan mutane ne sun tuɓe a bakin ruwa ƙarƙashin itatuwa, an yi su da layuka kaɗan, fuskokinsu ba su fito sosai ba. Yana da daɗin kallo, ana jin zafin rana da sanyin inuwa a cikinsa. Amma a ganina bai kai na yaron ba, dalili kuwa shi ne kowa cikin masu wankan harkar gabansa ya ke yi, babu igiyar da ta ɗaure su. A takardar yaron kuwa, in ka cire mutum guda sauran sun rasa abin da su ke yi. Wannan shi ne ma'aunin da zan ba mai karatu ya riƙa gwada kowane zane da shi: rufe wani sashi da yatsa, in ba abin da ya ragu, to sashin nan cikon benci ne.

Masu iyon nan sun tuna mini abin da har yanzu ke jiran alƙalami a ƙasarmu. Bunsuru da Gagare da Gulbin Maraɗi, waɗanda ke haɗuwa su zama Rima, in damina ta yi nisa su kan cika su malala fadama, kana in ruwa ya ja baya su bar tafkuna. A nan yaran Gobir ke koyon iyo. Akwai wanda ya rungume gora yana harba ƙafa, akwai wanda ya yi nutso sai tafin ƙafarsa a ke gani, akwai ƙaramin da ya tsaya ruwa iyakar gwiwa yana kaɗuwa, wansa yana miƙa masa hannu daga ciki. Wannan na ƙarshe shi ne yaron Rembrandt sak, sai dai ruwa ne ya maye gurbin ƙasa. Mai son ya zana su zai tarar da wuyar da ta fi ta tatata, don rabin jiki ya ɓace cikin ruwa, ruwan kuma ba shi da siffa. Dabarar ita ce wadda muka gani: a bar farar takarda ta zama ruwan, a ja ɗan layi inda ya yanke ƙirji, a bar kafaɗa ta faɗi sauran.

Na san wani zai ce ina hukuncin zanen abu mai rai. Wannan magana ta malamai ce, su za a tambaya. Abin da ya shahara cikin littattafan Malikiyya shi ne an rarrabe tsakanin siffa mai jiki mai inuwa, irin gunki, wadda aka haramta, da zanen da ke shimfiɗe bisa takarda ko tufa, wanda hukuncinsa bai kai can ba. Sarakunan Musulmi na ƙasar Hindu, irin su Shah Jahan, suna da masu zane a fadarsu, har Rembrandt kansa ya sami wasu ayyukansu ya zauna yana kwaikwaya da alƙalami, 23 daga cikin kwaikwayon nan suna nan har yau. A zamanin kusa kuma akwai Ibrahim El-Salahi, mutumin Omdurman ta Sudan, ɗan malamin allo, wanda aka haifa a 1930, ya gina zanensa bisa hannun rubutun Larabci har ya yi suna a duniya. A Zariya ma ana koyar da zane tun 1955.

Abin da ya sa na tsawaita a kan 'yar takardar da ba ta fi tafin hannu ba shi ne, abin da ba a ajiye ba ya kan tafi. Alƙalawa ta faɗi a 1808. Muna da sunayen sarakunanta da labarin yaƙoƙinta, amma yadda matanta ke ɗibar ruwa da yadda yaranta ke wasa a gulbi, wannan ya bi iska. A watan Mayu 2020 'yan bindiga sun kashe mutum fiye da 70 cikin ƙauyukan Sabon Birni, tun daga 2019 kuma dubban mutane sun bar gidajensu sun ƙetara jihar Maraɗi. Hotunan da duniya ta gani na ƙasarmu a shekarun nan na gawa ne da na 'yan gudun hijira. Zaman lafiyar da aka rasa kuwa, watau yaro da gorarsa, da uwa mai tatata, ba wanda ya ɗauke shi labari, don kullum ana ganinsa. Hoton waya yana da amfaninsa, amma yana kwasar kome ne ba zaɓi, ga shi kuma in wayar ta lalace ko ta ɓace ya bi ta. Mai zane kuwa sai ya duba, ya fahimta, ya zaɓa, sa'an nan ya ajiye.

Saboda haka ina roƙon malaman makarantu, na allo da na boko, in sun ga yaro yana zane a gefen takarda kada su yi saurin kai masa bulala. Su tura shi bakin rijiya ya zano mai ɗaukar bokiti, su ce kada ya wuce layi ashirin, su duba ko bokitin ya yi nauyi. Ba a bukatar kuɗi, gamba tana fadama, ƙaro yana jikin itace, hannun kuma allo ya riga ya horar da shi. Na farko ba zai yi kyau ba, na goma ma wataƙila haka, amma da rarrafe yaro kan tashi. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya mai da kowa gidansa, amin.